Takun Hauwa'u a Gaban Akurki

Daren Laraba, Kebbe

Yau ma ni kaɗai a ɗakin da makaranta ta ba ni. Bayan isha'i na buɗe waya in duba kyamarar da na kafa a akurkinmu na Tambuwal, tun lokacin da muzuru ya addabi kajinmu. Gaskiya yanzu ba muzurun nake nema ba. Ta nan kaɗai nake leƙa gidana.

Na mayar da hoton baya zuwa la'asar. Sai ga 'yata Hauwa'u ta rarrafo, ta dafa ragar akurkin, ta miƙe. Ta saki, ta tako wajen zakara tana dariyar da ba na ji, don kyamarar ba ta ɗaukar murya. Har na miƙa hannu in tare ta.

Nan take na kira uwarta. "Saratu, Hauwa'u ta fara tafiya!"

Ta ce, "Malam, ai tun ran Juma'a taka tahiya. Na aza na gaya maka."

Na ce babu komai, muka yi sallama. Na yi ta maimaita hoton har cajin wayar ya ƙare, ga shi babu wuta.