Tsokar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya, kuma ƙafar ta daina kumburi. Ya ɗinki?

Yaya, kada ranki ya ɓaci, amma dole in faɗa. Na kai ki cin abinci gidan iyayen yarinyar da zan aura ne don su ga wadda ta rene ni bayan rasuwar iyayenmu. Tun a mota na yi miki bayani: wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, ba a magana da loma a baki, ba a kai hannu farantin wani. Duk kin kiyaye. Sai da aka kusa tashi kika sa yatsu kika ɗauko naman farantinki kika ɗora a nawa. A gaban mahaifinta! Ƙannenta har da gimtse dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige. Shi ya sa na ce wa mai aikinsu ya canza mini faranti. Ba wulaƙanci ba ne, tsari ne.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, keken ɗinki yana nan yana ta surutunsa.

Tsari! To sannu, ɗan tsari. Ni ma na taɓa koya wa wani yaro tsari, a ɗakinmu mai yoyo, a kan tabarma, kwano ɗaya tsakaninmu. Na koya masa wanke hannu, da bisimilla, da cin gabansa, da kada ya kalli bakin mai ci. Bai taɓa tambayar yadda tsoka take takowa da ƙafarta daga gefena zuwa nasa ba. Sai dai ya riƙa gaya wa abokansa wai Yaya ba ta son nama. Wa ya ce maka? Ko kura ba ta fi ni ba.

Hannun ne ya saba, Auta. Na ga ka kasa ci, kana ta juya cokali, gumi a goshi, sai ya tafi bai yi shawara da ni ba. Dariyar yaran ba ta dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ka ture farantin da bayan hannu, kamar ƙuda ya faɗa ciki, ko kallona ba ka yi ba. Ina ji ina gani aka wuce da shi. Uwar yarinyar ce ma ta sunkuyar da kai don kunya.

Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Haba, kin cika riƙo, abin da ya wuce ai ya wuce.

An sa liyafar aure ƙarshen wata, manyan ofishinmu duk za su zo. Don Allah kada ki ƙi, ba ni da uwa sai ke. In aka ga babu ke, me zan ce wa mutane? Na sa an ajiye miki kujera a teburin bakin ƙofa, tare da tsofaffin maƙwabtanmu, inda za ki sake ki ci yadda kike so. Daga can ma hannunki ba zai kai farantina ba. Wasa nake yi!

Ga yadi nan hannun direba, ki ɗinka mai kyau.

Naki, Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Yadi ya iso, ga shi nan na mayar wa direba.

Kada ka wahalar da kanka da nisan tebur, na koyi tsarin. Jiya na sayo nama na dafa, na zauna a tabarmar nan ni kaɗai, na ci gabana. Da na duba, sai ga tsokar can gefen kwano, inda kake zama. Na doke hannun, na ɗauko ta, na cinye abata.

Ku ba wani kujerar.

Yayarka.