Ƙarar Moto a Tsakar Gidanmu

Zuwa ga Baban Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a can Aljeriya. Na rubuto ne don kada labari ya riga ni zuwa wurinka a bakin wani, ya iso maka da ƙari. Yaranka biyu suna nan lafiya. Riƙe wannan tukuna kafin ka ci gaba.

Ka tuna ɗan akwatin maganar nan da ka aiko, ka ce ga mai taya ni reno? Na yi maka dariya a waya. Abu bai fi kofin shayi ba, ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci, sai Faransanci kamar wani babban ma'aikaci. Amma gaskiya ɗaya ce, ya taimaka. Shi ke tashinmu da safe, shi ya tuna mini ranar rigakafin Modu, shi ke yi wa Falmata waƙa in ina duba littattafan ɗalibaina na lakwal, makarantar boko. Ni ce na ƙure masa murya don in riƙa jin sa daga madafa. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ya Kaka ce kaɗai ba ta taɓa yarda da shi ba. Tun da ta gudo daga Damasak ka ba ta ɗakin kusa da zaure, ka san ba ta da yawan magana, amma kan akwatin nan kullum sai ta ce, "Abin da ke da kunne ba shi da fuska, ba na zama kusa da shi." Duk da haka ita ke goyon Modu in na tafi aiki.

Motonka mai ƙafa biyu na nan inda ka jingine shi tun da aka hana hawa, rufe da tsofaffin buhunan tattasai. Falmata kan hau ta riƙe ƙahon. Shekarar da aka hana aka haife ta, ba ta taɓa jin kukan moto ba. Ta sha tambayata yaya yake yi. In na kwaikwaya da baki sai ta ce ai wannan bunsuru ne.

Ranar Talata na taso daga lakwal da azahar. Tun daga bakin layi na ga shaguna a rufe, ko yaro babu a waje. Ƙofar gidanmu a wangale, shinkafa ta ƙone a kan wuta, takalmin Ya Kaka ƙafa ɗaya a zaure. Na jawo Falmata daga ƙarƙashin gado. Modu babu, Ya Kaka babu.

Da ƙyar yarinyar ta faɗa mini. Da ɗan Faransancinta na lakwal ta tambayi akwatin yaya moton Baba yake kuka. Shi kuwa ya ba ta amsa da ƙarar moto, da iya ƙarfin da na ƙure masa, unguwa ta watse. Baban Falmata, ba sai na gaya maka abin da ƙarar moto ke nufi a garin nan ba.

Sojoji uku sun zo. Sun yaye buhunan, sun taɓa injin, sanyi ƙalau, ga ƙura. Suka sa Falmata ta sake tambayar. Da ƙarar ta tashi, wallahi na ga hannun ɗaya daga cikinsu ya kai kan bindiga, alhali yana kallon akwatin da idonsa. Sun yi mini faɗa sun tafi. Ni ko ɗaya ban ji ba. Ina ɗana?

Na bi kasuwa, na bi tasha, ina ihu kamar mahaukaciya. Har na nufi Komadugu, sai Malam Ari mai tattasai ya tare ni ya ce, "Mai gudu ba ya yin wajen kogi, Malama, ta can 'yan bindiga ke ƙetarowa, yi arewa." Na tsallake kwalta, na wuce bukkokin 'yan gudun hijira, na shiga rairayi. Rana tana dukan tsakar kai, ni kuwa tunanina ɗaya: jaririn wata tara, ba nono, ba ruwa. Aka kira la'asar ban gan su ba. Abubuwan da na faɗa game da tsohuwar nan a zuciyata, Allah Ya yafe mini.

A gindin wata aduwa na same ta, ƙafafunta duk ƙaya da jini. Ta kwanto Modu daga baya ta rungume shi a ƙirji, ta lulluɓe shi da zaninta. Wata Bafulatana ta sam mata ruwa a ƙwarya, tana ɗiga masa da yatsa. Da na miƙa hannu ba ta gane ni ba, sai ta ƙara ƙanƙame shi. Can ta dube ni ta ce, "Wannan karon ban bar shi ba."

A nan ne na ji abin da ba ta taɓa gaya mana ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Damasak a kan motoci masu ƙafa biyu, ta fita a guje, jikanta na barci a ɗaki. Shekara nawa muna cin tuwo kwano ɗaya da ita, ban sani ba. Na zauna a rairayin na yi ta cire mata ƙaya, mu biyu muna kuka, Modu yana shan nono.

Na cire akwatin daga wutar lantarki na sa shi cikin buhu kusa da motonka. Kada ka ji haushi, na san don sauƙina ka aiko shi. Amma ba abin da ke jin Faransanci nake buƙata ba yanzu. Kai nake buƙata, na gaji da zama uwa da uba. Ka dawo, ko da hannu wofi ne.

Jiya Falmata ta tambaye ni ko da gaske haka motonka ke kuka. Na ce ta bari ka dawo, in zaman lafiya ya samu ka tayar mata da shi da kanka. Ta ce to, amma a fara gaya wa Ya Kaka.

Allah Ya tsare mana kai, Ya jiƙan wanda aka bari a ɗaki, Ya nuna mana ranar da moto zai wuce ƙofar gidan nan ba wanda ya ɗaga kai.

Taka mai jiranka,
Maman Falmata