Zakaran da Ka Bar Mana

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda da ni aka sa ka a kabari. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba ka taɓa tsayawa ka ji ƙarshen maganata ba, kullum kai kake ƙarasa mini. Biro dai ba ya in'ina, kuma yau babu mai katse ni. Inna ce ta matsa mini lamba in yafe maka, na roƙe ta ta ba ni lokaci. Kafin in ba ta amsa, ina so ka san abin da ake nema in yafe.

Gida lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya yi kyau bana, wake ne tsutsa ta ɓata mana. Gwiwar Inna ta ƙi daɗi, yanzu a zaune take salla. Matarka Rabi ta gama takaba, ta koma gidan iyayenta a Kabo da yaran. Gidan rediyonku har yanzu suna maimaita tsofaffin shirye-shiryenka da safe, mai shayin bakin tasha ya ƙure muryar rediyo, mutane su tsaya suna girgiza kai wai an yi babban rashi. Ummi autata ce ba ta jin daɗi, amma ba ciwon asibiti ba ne. Zan zo kanta.

Ranar jana'izarka Getso ba ta taɓa ganin motoci haka ba. Liman ya juyo ya roƙi jama'a, duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, kamar yadda aka saba. Kowa ya amsa. Ni ina sahun gaba, bakina a rufe. Na kusa da ni sun ɗauka harshen ne ya riƙe kamar kullum, har wani ya dafa kafaɗata don tausayi. Ba harshe ba ne, Sabi'u, ƙi na yi. Labari ya kai wa Inna cikin gida, ita kuwa ita ta haife ni, ta san shirun da na kasa da shirun da na ƙi.

Ba na musun baiwarka. Tun kana ɗan mitsitsi za ka bi Baba kasuwar Gwarzo, ka dawo da muryar mai gwanjo da ta dillalin awaki, ka juye mana su a tsakar gida har Inna ta riƙe ciki. Ranar da ka kwaikwayi mai unguwa a gaban baƙi, Baba ya ɗauko tsumagiya, bayana ne ya sha rabonka. Ni na zauna a gona kai ka tafi makaranta, ban taɓa yi maka gori ba. Da ka samu aikin rediyo a Kano aka ba ka shirin safe na gaishe-gaishe, na sayi ƙaramar rediyo ina rataye ta a reshen darbejiya ina noma ina jin ka. Ban taɓa gaya maka wannan ba. Ka gaida manoman Lakwaya, ka gaida mutanen Durun, ka gaida direbobi da masu faci, ina ta kasa kunne ko zan ji sunana. Ban ji ba, na ce ba komai, ashe wani aikin ka tanadar mini.

Sai kuka fara katun ɗin nan na yara, a zana dabbobi kai ka ɗora musu murya. Kai ne kura, kai ne jaki, kai ne tsohuwar akuya mai mita. Sannan ga zakara, Malam Gargada, wanda aikinsa ya tashi gari da asuba, amma cara ta maƙale masa har rana ta fito. A ƙofar shago na fara jin sa, cikin wayar wani matashi. Na ji gyaran muryata. Na ji numfashin da nake ja ta hanci in kalma ta ƙi fita, har buga ƙafar da nake yi a ƙasa kun zana masa. Ka san ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Ka kuma san kiran salla ne kaɗai wurin da harshena bai taɓa ba ni kunya ba. Duk dabbobin dawa da na gida, me ya sa sai zakara, kuma me ya sa sai asuba?

Yara suka fara bi na suna cara. Manya ba sa yi, sai dai su sunkuyar da kai suna danne dariya, wannan ya fi ciwo. In na ɗauki makirufo sai in ji ƙus-ƙus a bayan masallaci. Wata la'asar abin da bai taɓa faruwa ba ya faru, na maƙale a tsakiyar kiran salla, lasifika tana kai shi kowane lungu. Na miƙa wa wani ya ƙarasa. Tun daga ranar ban sake kira ba.

Ka tuna zuwana Kano? Na sa babbar rigata na same ka a wurin aikinka. Ka tarbe ni da fara'a a gaban abokanka, Yaya kaza, Yaya kaza, ka sa aka kawo lemo. Na fara magana na maƙale, ka ƙarasa mini da abin da ba shi ya kawo ni ba, wai na zo ganin inda kake aiki. Na dage, ina gumi, sai da na fitar da ita. Ka ce ai wasa ne, ka ce duk cikin dabbobin zakaran ya fi farin jini, kamar wata kyauta ka ba ni. Ba a daɗe ba sabuwar fitowar katun ɗin ta iso gari. Ga zakara da babbar riga ya je kai ƙara, yana gumi, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Ashe ina magana kana haddace ni. Wane irin mutum ne zai kalli yayansa yana neman kuka, shi kuwa yana auna yadda abin zai yi daɗi a kunne? Daga nan ban sake ɗaga wayarka ba har ciwon ƙoda ya kwantar da kai, kuma ba na nadama.

Ko a zaman makokinka ban tsira ba. Ina amsa gaisuwa abokan aikinka suna zungurin juna, har ɗaya ya ja ni gefe yana tambaya ko zan gwada muryar zakaran, tunda sun rasa mai maye gurbinka. Da ba zaman makoki ba ne, da ya ga abin da hannun manomi yake iyawa.

To ga maganar Ummi. Ta gaji harshena. Ita ce ta fi kowa son katun ɗinka, tana yi wa ƙawayenta alfahari wai muryar Baffanta ce, ba ta san wa ake nufi ba. Bayan rasuwarka malamar Islamiyya ta tashe ta ta kawo hadda, ta maƙale a aya, aji gaba ɗaya ya ɗauki cara. Yanzu 'yar Gargada suke kiranta. Ta fara daina magana a makaranta, sannan a layi, yanzu ko a gida sai dai ta gyaɗa kai ko ta nuna da hannu. Uwarta ta lallaɓa, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Yarinyar da ko haƙoranta ba su gama canjawa ba. Kai ka tafi, zakaran kuwa yana cikin kowace waya, masu tura finafinai a bakin kasuwa suna ta raba shi, ba ya tsufa, ba ya ciwo. Wa zan je in roƙa yanzu ya tsayar da shi?

Inna ta ce ba ta son ta mutu ta bar ɗanta ɗaya a kabari da haƙƙin ɗaya a wuyansa. Gobe in na shiga gaishe ta zan faɗa mata, ko zai ɗauke ni har hantsi kafin maganar ta fita. Na yafe maka masallaci, na yafe maka Kano, na yafe maka dariyar gari. Ba don ka cancanta ba, don tsohuwar nan ta samu barci ne. Amma haƙƙin Ummi ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayar da shi, Inna ma ba ta da shi. Ummi ce za ta furta da bakinta, kai ne kuwa ka rufe mata shi. Sai ka jira.

Allah ya jiƙanka, ya sassauta maka jiran.

Yayanka,
Haladu, tsohon ladani, Getso