Awon Cikin Bakwaini

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. An hana mu waya a ɗakin bakwaini, shi ya sa na ba mijina wannan takarda.

Raina a ɓace yake. Kwana biyu ke nan jaririna yana dawo da nonon da ake ɗura masa ta robar hanci, kore-kore. Cikinsa ya kumbura har yana sheƙi. Na faɗa wa likita, ya duba takardar awo ya ce cikin bai ƙaru ba, shekaranjiya santimita 24, yau ma 24. Wai tsoron haihuwar fari ne ke damuna. To ni makauniya ce? Ciwon hanji ne ya ɗauke jaririn maƙwabciyar gadona, kuma haka ya fara.

Ki sa mu a addu'a.
Autarki

Auta,

Ina gaida mai jego sarkin kuka. Share hawayen, ki saurare ni. Ban san aikin likita ba, amma shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa ganin mutum biyu sun auna ƙugu a wuri ɗaya ba. Ki zuba ido inda suke ɗora tef ɗin awon a cikinsa. Na yanka masa 'yar riga, saura ɗinki.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina wuni. Maganarki ta fito. Nas ta farko a kan cibiya take aunawa. Da aka mayar da ita wani ɗaki, sabuwar ta koma ƙasan mara don kada ta taɓa bandejin cibiyar. Na tsare likita a bakin ƙofa, na ce ba zai wuce ba sai ya auna da hannunsa a kan cibiya. 27, Yaya.

Hoto ya nuna iska a jikin hanjin. An tsayar da nono, sai ƙarin ruwa da allurai. In hanjin ya huje, sai tiyata. Kwana biyu aka yi asara ina magana kamar da bango. Na karɓi biron likitan na ɗiga alama a fatar cikin yaron daidai cibiya, na ce, "Daga yau nan za a riƙa aunawa."

Ki huta lafiya.
Autarki

Yaya,

Gaisuwa. Yau 26. Likita ya ce sai an ga jibi.

Rigar nan kada ki ɗinka tukuna. Amma kada ki ba kowa.

Autarki