Kafasita Biyu a Juye

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don Allah ta tsaya tsakaninmu. Kin san kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a allon cikin kwamfuta suna daidaita wuta. In sun tsufa sai kansu ya kumbura, kwamfuta ta yi ta mutuwa tana tashi. Kowace tana da layi a gefe mai nuna yadda za a dasa ta. Shekaranjiya Baba ya canja shida a kwamfutar mai ɗakin gwajin jini, biyu ya sa su a juye. Muna kunnawa sai fau! Shago ya gauraye da ƙauri. Ya ɗora laifin a kan kayan zamani, wai ba su da ƙarko. Yaya, layin ne ba ya gani. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan aiki! Sai da na laɓe bayan kanta na share hawaye.

Yanzu duk abin da ya liƙa da dalma, da ya fita cin abinci sai in bi in gyara. Tsorona kada ya gane ya ajiye aikin. Kin san Baba, zaman gida kashe shi zai yi.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso, na gode.

Asirina ya tonu. Jiya ya shafa bayan wani allo da babban yatsa, ya ce dalmarsa dunƙulalliya ce, wannan mai tsinin kuwa tawa ce, ya san ta tun ranar da ya koya mini. Ashe tun makon farko ya gane, ya yi shiru don kada in ji kunya. Ni ina rufa masa asiri, shi yana rufa mini!

Daga nan sai ya miƙo mini ƙarfen liƙinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ce, "Ke ki liƙa, ni in shafa."

Yau da safe ya lalubo wata kumburarriyar kafasita da yatsa, wadda na duba sau biyu da madubin ƙara girma ban gani ba. Tun ɗazu yake tsokanata, wai ina amfanin idanun. Gobe ma zai fito shago, ya ce in zo da wuri.

Taki har kullum,
Auta