Kawu Badaru Ya Je Duba Makwanci

Sharafiyya, Jidda
12 ga Rajab, 1427

Zuwa ga taubashiyata Zubaidatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulghaffar da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa daminar bana ta yi albarka. Mu ma nan alhamdu lillahi. Matata Mastura ta ce in gaya miki daddawar da kika aiko ta ƙare tun watan jiya. Na ce mata ba a buɗe wasiƙa da roƙo, sai ga shi na buɗe. Aikina a tashar jiragen ruwa yana nan yadda kika san shi, ina ta cike takardun kayan da ba nawa ba.

Maganar mahaifinki ce ta sa na zauna rubutu. Kada gabanki ya faɗi, Kawu yana nan da ransa, yana nan kuma da bakinsa. Sai dai ƙafafunsa sun kumbura, idan ya hau benenmu sai ya huta sau biyu a hanya. Wani likita ɗan Sudan ya duba shi a ƙaramin asibitin unguwa, ya ce zuciyar ta gaji. Kawu ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa miki ba, kin ga dai yadda alkawarin ya ƙare.

Ranar Alhamis da ta wuce ya ce in kai shi makabartar Uwa Hauwa'u da ke gefen tsohon gari. Kin tuna Rafi'u, abokin wasansa da suke fitowa tare a fim, wanda ya rasu nan Jidda a hanyar komawa daga hajji? A can aka binne shi, haka ma Hajiya Bashira da take fitowa a uwar gidansu. Mutanenmu na nan har kiran wurin suke makabartar 'yan fim, wasu ma suna rantsuwa akwai wani babban ɗan wasan Masar a ciki, ko da yake ban taɓa samun mutum biyu da suka faɗi suna ɗaya ba. Kawu ya fito da babbar rigar da yake sawa idan zai fito a alƙali, ya ɗauko kwalin wani tsohon kaset mai hoton Rafi'u, ya ce shi ne shaidarsa.

Bayan la'asar muka isa. Mastura ta zauna a mota, don ba a barin mata su shiga. Ta ce ashe Hajiya Bashira sai da ta mutu ta sami izini. Na taɓa karantawa cewa matafiyan dā sun ga kabarin Uwa Hauwa'u da tsawon da ya wuce taku ɗari, na shiga ina baza ido, ban ga komai ba, an daɗe da baje shi. Fili ne kawai na rairayi, layi bayan layi, kowane kabari da ɗan dutse a kai da ɗan dutse a ƙafa, babu suna ko ɗaya. Kawu ya tsaya yana dubawa kamar wanda ya shiga kasuwa ranar da ba ta ci.

Mai kula da wurin wani dattijo ne mai sanyin hali. Kawu ya miƙa masa kwalin kaset, ya ce in fassara masa cewa wannan mutumin duk ƙasar Hausa babu yaron da bai san dariyarsa ba. Dattijon ya daɗe yana kallon Rafi'u da gemun auduga da taɓarya a kafaɗa, sannan ya mayar da kwalin da hannu biyu. Ya ce shi ba ya ganin fuskar kowa, a likkafani ake kawo masa su. Idan muna da lambar kabari da shekara zai nuna mana layin, amma mu sani idan shekaru suka ja akan buɗe ramin a sa wani. Ba mu da lamba. Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a daga wannan katanga zuwa waccan, ya ce Rafi'u ya ɗauki rabonsa a ciki, da ma ya iya cin rabon mutane.

Da a nan muka tsaya, da labarin dariya zan ba ki. Amma sai Kawu ya ce in tambayi dattijon yadda ake kama wuri, shi ma nan yake so a kwantar da shi. Dattijon ya ce ba a kama wuri, sannan ya tambaya ko baba yana da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Zubaidatu, nan ne matsalar take. Kin san shekara tara ke nan da Kawu ya zo umra bai koma ba, kuma a gidana yake. Idan maganar ta fita, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ba zai tsaya jin bayani ba. Dattijon ya dubi fuskokinmu, ya gane amsar.

Dattijon bai nufe mu da sharri ba. Ya ja ni gefe, ya ce in ji da kyau. Wanda ya rasu ba takarda ba a kawo shi makabarta kai tsaye. Yakan zauna a firijin asibiti har sai ɗansa ko 'yarsa sun aiko da takardar wakilci daga gida, an bi da ita ta ofishin jakadanci. Ya ce ya san wanda ya yi wata huɗu yana jira. Na ɗauka Kawu bai ji ba, ashe Larabcin da yake cewa bai iya ba ya ishe shi jin wannan.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Da muka kusa isa, Kawu ya ce shi sau goma sha ɗaya yana mutuwa a fim, kuma kullum kafin a kira magariba an binne shi an raba goro. Ya ce mutuwa ba ta ba shi tsoro, sanyin ne ba ya so. Mastura ta yi dariya, ta dubi fuskarsa, ta daina. Tun ranar ya hana a kunna masa esi mai sanyaya ɗaki a wannan zafi na Jidda, abinci ma sai an yi da gaske. Na ce masa ya yarda a nemi hanyar mayar da shi gida, ya ce halas, an rufe maganar, shi ba zai sauka Kano da kumburarrun ƙafafu mutane su ce alƙali ya dawo a keken guragu ba. Ni kuma duk lokacin da na dawo daga aiki sai na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ji numfashinsa kafin in cire takalmi.

To ga roƙona, kuma na san ba shi da daɗi. Ki je kotu ke da Malam Abdulghaffar, a rubuta takarda cewa kin wakilta ni, Musbahu, in karɓi mahaifinki in yi masa sutura idan ta Allah ta kasance. A buga mata hatimi, ki ba maƙwabcinku Abdulghani ya taho da ita, tunda na ji zai zo umra a Sha'aban. Tsohon fasfo ɗin Kawu yana wurina. Ina sa ki ki sa hannu a takardar binne ubanki alhali yana zaune yana yi mini faɗa a kan gishirin miya. Allah ya sa ta tsufa a cikin akwatina ba a taɓa ta ba. Amma kada ki jinkirta, likitan bai ba ni ranar da zan dogara da ita ba.

Ki gaishe mini da Inna Fatsuma, ki ce ina nan ina yi mata addu'a a Harami. A gaida Malam Abdulghaffar, da 'yarki Mariyamu da ƙannenta. Idan kin kira Kawu ranar Juma'a, kada ki nuna kin san komai. Zai ce miki lafiyarsa ƙalau, zai kuma faɗa da kyau, aikinsa ne. Ki ƙyale shi ya gama, ki daɗe a kan wayar.

Naki taubashi,
Musbahu