Takardar Kakan Abdulhakim

Ƙuba, 14 ga Rajab, 1399

Yau dai Turancin da na koya a Sudan ya yi rana, bayan shekarun da na ɓata ina gadin gonar dabino. Maƙwabcina Abdulhakim, tela Ba'indiye, ya kawo mini wata tsohuwar takarda naɗe a ƙyalle, wai idonsa ya yi rauni. Yarjejeniya ce da kakan kakansa, sarkin wani ƙaramin gari, ya ƙulla da Turawa farkon shigarsu Indiya.

Na karanta masa inda Turawan suka kira sarkin amini. Na tsallake inda ya sallami mayaƙansa, ya yarda Bature ya zauna a fadarsa.

Ya yi dariya, ya ce, "Ya Shaihu, ka cinye tsakiyar! Ai na haddace ta tun ina yaro. Abu ɗaya nake so ka gaya mini: matsoraci ne?"

Saura kaɗan in ce masa e. Kakana ƙin Nasara ya yi, ya kwaso iyalinsa daga ƙasarmu ya yo hijira gabas, kuma da wannan na girma ina raina duk wanda ya sa hannu. Sai na tambayi Abdulhakim mutum nawa aka kashe a garin nasu.

Ya ce, "Ko akuya."

Na tuna kakata tana kiran sunayen 'ya'yanta huɗu da ta binne a hanya.

Na ce, "Wallahi ba matsoraci ba ne, ya akhi, ɗan'uwana." Ya sumbaci kaina, ya tafi.

Na kasa cin abinci. Har kakata ta rasu ban taɓa tambayar ta ko an yi shawara da ita kafin a baro gida ba.